Baba Na-Ƙasa, Wanda Ya Fito da Baffana Daga Cikin Matattu

Ƙarfe bakwai da kwata yake isowa, tun masu shara ba su gama ba. Yakan jingine kekensa a bayan ginin kotu, ya ɗauki filas ɗin shayinsa, ya bi ta wata ƙaramar ƙofa da yawancin ma'aikatan wurin suka ɗauka ta sito ce. Matakala ashirin da biyu ce zuwa ƙasa. Na ƙirga su da ƙafata, kuma a ta goma sha ɗaya hasken rana yake ƙarewa, daga nan sai dai mutum ya bi bango da hannu. Idan ya buɗe kwaɗon ƙofar ƙarfe ba ya shiga kai tsaye. Sai ya yi sallama da ƙarfi, ya ɗan dakata yana saurare, sannan ya kunna fitila.

Babu kowa a ɗakin. Kantocin ƙarfe ne layi-layi har rufi, cike da fayilolin shari'o'in da aka gama, da warin tsohuwar takarda, da wani sanyi mai shiga ƙashi ko da rana tana ƙuna a waje. Masinjan kotun ya ba ni labari cewa ya taɓa tambayarsa wa yake yi wa sallama. Ya dube shi ta saman tabarau ya ce, "Mutum dubu nawa ne a nan? Kowannensu ya ɗaga hannu ya rantse, ya faɗi abin da ya fi damunsa a duniya. Haka kawai zan faɗo musu?" Tun daga ranar masinja bai ƙara wuce matakala ta goma sha ɗaya ba. A nan yake ajiye fayil, ya ƙwala kira, ya juya da sauri.

Shekara talatin da huɗu ke nan yana wannan aiki na ajiyar takardun kotu, kuma ƙarshen watan nan zai yi ritaya. Sunansa na yanka yana nan a takardun ofis, amma har alƙalai Baba Na-Ƙasa suke ce masa. Lauyoyi sun gaya mini cewa shekarar da ruwa ya ɓalle ya cika ɗakin har gwiwa, shi kaɗai ya yi kwana biyu yana hawa da fayiloli a ka, ya shanya su shafi-shafi a farfajiya, yana korar duk wanda ya matso da sigari. Wannan su suka gani. Ni abin da na gani daban ne, kuma saboda shi na ɗauki biro.

Ni malamar makaranta ce, kuma duk wanda ya san ni ya san bakina ba ya shiru. Amma akwai ranar da na buɗe baki magana ta ƙi fita. Da rana tsaka ina shanya a tsakar gida, wani ramammen mutum ya tsaya a bakin ƙofa, ya kira ni da wani suna da mutum ɗaya ne tak yake kirana da shi a duniya. Mutumin nan kuwa kotu ta yanke hukunci ya mutu shekara huɗu kafin wannan rana.

Baffana ne, ƙanen mahaifina. Makanikin inji ne a jirgin ruwa na dakon kaya. Ya tafi aiki, aka kama jirgin a wata ƙasa, aka kulle su ba takarda ba waya, shekara goma sha ɗaya. Mu dai ba mu san komai ba. Matarsa ta rasu a shekara ta biyar, ta bar 'yarsu a hannuna, kuma ko'ina na kai yarinyar, makaranta ko asibiti, sai a ce ina sa hannun uba. Da shekara bakwai ta cika aka ba ni shawara in nemi kotu ta ayyana shi a matsayin wanda ya mutu, don riƙon yarinyar ya zama nawa a hukumance. Ni na shigar da takarda. Ni na tsaya na rantse cewa shekara bakwai ba mu ji ɗuriyarsa ba. Aka buga hatimi, muka yi kuka, muka karɓi gaisuwa.

To ga shi a bakin ƙofa yana haki. 'Yarsa, da lokacin take da shekara goma sha biyar, tana ganinsa ta ruga ɗaki ta kulle kanta. Maƙwabta suka riƙa leƙowa ta katanga, ba mai shigowa.

Bai dawo da lafiya ba. Likita ya ce zuciyarsa ta kumbura, dole a yi masa aiki cikin wata biyu, in ba haka ba sai dai addu'a. Babban asibitin da ake irin aikin ba ya kwantar da mutum sai da katin shaida. Muka je, ma'aikaciyar da ke karɓar marasa lafiya ta buga lambarsa a kwamfuta. Na ga fuskarta ta canza. Ta dubi allo, ta dubi Baffa, ta tura kujerarta baya a hankali har ta bugi bango. Ta ce da ni, ƙasa-ƙasa, "Malama, mai wannan lambar ya rasu."

Washegari muka nufi kotu. Magatakardan da ke sama ya saurare ni har ƙarshe, amma ko sau ɗaya bai ɗaga ido ya dubi Baffa ba.

Ya ce, "Malama, marigayin ba zai iya shigar da ƙara ba."

Na ce, "Wane marigayin? Ga shi a tsaye yana numfashi a kan teburinka!"

Ya ce, "Ban ce ƙarya kike ba. Amma hukuncin kotu ne a gabana. Wanda doka ta ce ya mutu ba shi da bakin magana a kotu. Ke kuma ke kika nemi hukuncin aka ba ki, ba ki da abin ɗaukaka ƙara a kai. Ko da kina da shi, lokacin ya wuce tuni."

Wallahi na so in kifar da teburin nan. Baffa ne ya ja mayafina ya ce, "Ƙyale shi, 'yata." Muka fito muka zauna a benci. Mutanen da suka ji abin da ya faru suka riƙa zamewa ɗaya-ɗaya, har benci mai ɗaukar mutum takwas ya rage mu biyu. A nan wata matashiyar lauya, cikin masu taimaka wa marasa ƙarfi kyauta, ta same mu. Ta ji bayani, sannan ta ce, "Dokar da ke rubuce ta faɗi yadda ake shigar da ɓatacce cikin matattu, ba ta faɗi ta inda zai fito ba. Amma idan wani alƙali ya taɓa buɗe wannan ƙofar, za mu iya bi ta nan. Ni ban san inda zan samo shi ba. Ku sauka wurin Baba Na-Ƙasa."

Sai da muka huta sau uku a matakalar nan. A ƙasa muka tarar da ɗan siririn dattijo cikin rigar sanyi, yana ɗinke bayan wani fayil da allura. Ban riga na gama gaisuwa ba ya ajiye allurar, ya miƙe, ya zuba wa Baffa ido. Sai ya ambaci cikakken sunansa, da sunan mahaifinsa, da lambar shari'ar. Ban taɓa ganin mutumin nan ba, Baffa ma haka.

Ya miƙo hannu biyu ya kama na Baffa. Ya ce, "Sannu da zuwa. Ka daɗe. Zauna nan, kujerar ba ta da kyau amma tana ɗaukar mutum." Tun da Baffa ya dawo, shi ne ma'aikaci na farko da ya yi masa magana shi da kansa, ba ta bakina ba.

Ya ja mu zuwa kanta ta ƙarshe, can ƙurya inda fitila ba ta kaiwa sosai. Fayiloli sittin da uku ne a jere, an ware su daban. Ya ce, "Waɗannan ba a ga gawarsu ba. Kotu ta ce sun mutu, ni kuwa ba na musu da kotu. Amma ba na ɗaure su tam kamar sauran." Ya zaro na Baffa, ya sa ɗan yatsa ɗaya ya ja bakin zaren, sai ya kwance da kansa. A shafin farko ga hoton da ni na kawo shekara huɗu da suka wuce. Ya ce duk ranar Litinin yakan buɗe su ya dubi hotunan ɗaya bayan ɗaya, don kada wata rana ya haɗu da wani cikinsu a hanya ya wuce shi. "Kai ne na farko da ya sauko da ƙafarsa," in ji shi. Na waiga na dubi sauran sittin da biyun, na ji kamar su ma saurare suke.

A ranar na gane yadda yake aikinsa. Ba wanda ya sa shi karanta fayil, ajiya kawai aka ɗauke shi. Amma duk wanda ya sauko sai ya karanta hukuncin, ya duba daga ina alƙali ya samo hujjarsa, sannan ya ɗaure shi da zare mai launi. Ja, idan daga dokar da majalisa ta rubuta ne. Kore, idan daga littattafan addini ne. Baƙi, idan daga al'adar mutanen wurin ne, wadda dattawa suka zo suka ba da shaida a kanta. Fari kuwa, idan alƙalin ya jingina ne da hukuncin wani alƙali da ya riga shi.

Na ce, "Baba, ni na ɗauka doka littafi ɗaya ce babba, a buɗe a karanto."

Ya yi dariya har ya yi tari. Ya ce, "Malama, da haka ne da tuni an sallame ni. Littafin yana nan, kuma akwai tsarin mulki a samansa da ba a tsallakewa. Amma masu rubuta doka mutane ne, ba su san baffanki zai dawo ba. Inda suka yi shiru, sai a koma a ga abin da na baya suka yi. Farin zare shi ake bi. Wannan ya ce na ji daga wancan, wancan ya ce na ji daga wancan, har ka kai inda ya ƙare."

Kwana tara ya yi yana bi. Kullum in na tashi daga makaranta sai in sauko. A gida ƙafafun Baffa sun fara kumbura, ba ya iya kwanciya sai a jingine. A kwana na uku Baba Na-Ƙasa ya samo wata shari'a ta shekara ashirin da takwas baya, wani direba da ya ɓace ya dawo. Na yi tsalle. Ya ce, "Dakata ki ga shafin ƙarshe." Layi biyu ne. An ɗage zama sau huɗu ana gardamar wa ke da ikon shigar da ƙara, kafin zama na biyar mutumin ya mutu, aka kori shari'ar. Na zauna a ƙasa dirshan kan simintin nan mai sanyi, na yi kukan da ban yi ba ranar da na rantse. Ni na jefa Baffa cikin wannan rami, da bakina da sa hannuna.

Bai lallashe ni ba. Ya bar ni na gama, ya zuba mini shayi a murfin filas, sannan ya nuna mini wani wuri a tsakiyar fayil ɗin. Lauyan direban ya ambaci wani hukunci na shekara hamsin da ɗaya baya, amma aka ce an nema ba a gani ba. Ya ce, "Ba su sauko ba ne." Kwana biyu ya samo shi, an ajiye shi cikin shari'o'in gado bisa kuskure tun kafin zuwansa. Shi ma farin zare ne. Alƙalin ya ce ya bi abin da ke cikin littafin farko na kotun, shafi kaza.

Littafin farko yana cikin wata akwatin ƙarfe a ƙarƙashin matakala. Rubutun hannu ne, tawadar ta koma ja-ja, shafukan sun manne da juna saboda laima. Ya dafa ruwa a buta, ya riƙa tara littafin a tururi daga nesa, yana raba shafi da bakin wuƙar yanka takarda. Shafi ɗaya yakan ci awa guda. Yana yi yana motsa leɓe, yana karanta sunayen mutanen da ko jikokinsu sun tsufa. Wani lokaci takardun kan kantoci sukan yi wata 'yar ƙara, irin ta wanda ya gyara kwanciya. Na tambaye shi mene ne, ya ce, "Nauyi ne, suna zama." Ban ƙara tambaya ba.

A rana ta tara, da la'asar, ya kira ni kusa da fitila. Shari'ar wani ɗan fatauci ce, a shekarar farko da aka buɗe kotun. Ya ɓace, aka ce ya mutu, aka raba gadonsa, sai ya dawo. Alƙalin ya rubuta da hannunsa cewa ya duba bai sami doka a rubuce ba, don haka ya tara tsofaffin unguwa ya tambaye su yadda iyayensu suke yi tun kafin a gina kotu. Suka ce, "In ya dawo ai ya dawo. Mu zato muka yi, ba gawa muka wanke ba." A ƙasa alƙalin ya yanke cewa hukuncin mutuwar ɓatacce zato ne, kuma zato yana faɗuwa idan mai rai ya tsaya a gaban kotu. Ba ɗaukaka ƙara ake yi ba, kuma lokaci ba ya ƙurewa. Wanda ya rantse tun farko, shi zai dawo kotun da ta yi hukuncin ya ce ga mutumin.

Baba Na-Ƙasa ya cire tabarau ya goge ido. Ya ce, "Kin ga inda zaren ya ƙare? A bakin tsofaffi. Kafin a rubuta komai, mutane suna rigima, wani yana raba su, ana riƙe abin da ya faɗa. Duk ginin nan da ke samanmu a kan haka aka ɗora shi."

Na ce, "Baba, ke nan ni zan tsaya in ce rantsuwata ƙarya ce? Ba kama ni za a yi ba?"

Ya buɗe fayil ɗin Baffa ya ɗora yatsa a kan maganata. "Karanta. Kin ce ba ki ji ɗuriyarsa ba. Kin ji?" Na ce a'a. "Kin ce kin ga gawa?" Na ce a'a. Ya ce, "To gaskiya kika faɗa. Yanzu ki je ki faɗi sauran gaskiyar."

Lauyar nan ta rubuta takarda a ranar. Bayan mako biyu aka zauna. Da kujera aka shigo da Baffa. Alƙali ya sa aka ɗora tsohon littafin a gabansa, ya karanta shafin sau biyu. Na tsaya na rantse, na ce ga mutumin. Sai alƙali ya umarci mai kira ya kira sunansa, kamar yadda ake kiran duk wanda kotu take son ji daga bakinsa. Ya kira sau ɗaya. Baffa ya buɗe baki, ba abin da ya fito. Ya kira na biyu, shiru. Kafin na uku sai wata murya daga bayan ɗaki ta ce, "Baba, ka amsa mana!" 'Yarsa ce, wadda tun da ya dawo ba ta yarda sun haɗa ido ba. Baffa ya dafa hannun kujera ya miƙe tsaye ya ce, "Na'am, ranka ya daɗe. Ina nan."

Saura kwana goma sha ɗaya wa'adin likita ya cika aka shiga da shi ɗakin tiyata. Ya fito.

Baba Na-Ƙasa bai hau sama ranar shari'ar ba. Sunansa ba ya cikin hukuncin. Da na sauko da gudu in gaya masa, tambayarsa ta farko ita ce ko an dawo masa da littafinsa, kuma ko wani ya taɓa shi da jiƙaƙƙen hannu.

Baba, yau da kai nake. Kai ne ka dubi mutumin da kowa yake kauda kai daga gare shi, ka ba shi kujera. Kai ne ka karanta abin da ba a biya ka ka karanta ba, shekara talatin da huɗu, a ɗakin da ya cinye maka ido ya bar maka tari. Mai tsaron waɗanda aka manta, na gode. Na gode a madadin yarinyar da yanzu take da uban da zai sa mata hannu, da kuma a madadin kaina, don ba don kai ba da har in mutu ina ganin ni na kashe ƙanen ubana da biro. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ba ka lafiyar cin ritayarka a cikin rana.

An ce za a ɗauki hoton fayilolin a zuba a kwamfuta. Madalla, ba na ƙi. Amma har ranar da nake wannan rubutu ba wanda ya sauka ya ce, "Baba, koya mini." Ku matasan lauyoyi, da ku masu zama bayan tebur a kotu da asibiti da kowane ofis, saura 'yan kwanaki. Ku sauka ku zauna kusa da shi. Idan ba za ku iya ba, to ku ɗauki abu ɗaya daga gare shi: ranar da takarda ta ce wani abu, mutumin da ke tsaye a gabanku ya ce wani, ku ɗaga kai ku dube shi, sannan ku tashi ku nemo hanya.

Jiya na gaya wa Baffa zan yi wannan rubutu. Yana zaune a ƙofar gida yana kwance injin janareton maƙwabci, hannu duk baƙin mai, 'yarsa tana miƙa masa sifana tana yi masa faɗa ya manta da shan magani. Na ce me zan faɗa wa Baba Na-Ƙasa daga gare shi. Ya ajiye sifanar. Sannan ya goge hannu a tsumma ya ce, "Ki ce masa marigayi yana gaishe shi. Ki ce har ya fara ƙiba."